MATAKAN RAYUWA A BAKIN BAHAUSHE DA ILMIN GIRMAN HANKALI: DARASI DAGA UNGUWAR GAMKALLE

1.0 Gabatarwa

Duk wanda aka ɗora wa nauyin tsara littafin koyon karatu, na yara ne ko na manya, tilas ya san abu biyu kafin ya ɗora alƙalami bisa takarda: wane ne mai koyon, kuma a wane mataki na rayuwarsa yake. Akwai reshe guda na ilmin halayyar ɗan Adam da ya keɓanta da wannan batu, watau nazarin yadda jiki da harshe da tunani da ɗabi'a suke sauyawa tun daga haihuwa har zuwa tsufa. A cikin wannan maƙala za a kira shi ilmin girman hankali.

Yawancin ma'aikatan ilmi na Nijar da Faransanci suka karanci wannan fanni, saboda haka kalmomin Faransanci ne suke fara zuwa musu in ana maganar ƙuruciya ko balaga. Amma Hausa tana da nata rabon matakan rayuwa, kuma rabon nan bai faɗa daidai kan na littattafan Turai ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, bukatar daidaita kalmomin nan ta ƙaru. Manufar maƙalar ita ce ta jera kalmomin Hausa na matakan rayuwa, ta gwada su da abin da masana suka gano, kana ta fitar da abin da zai amfani masu tsara karatu. An ɗauki unguwar Gamkalle ta birnin Yamai a matsayin misali.

2.0 Dalilin zaɓen Gamkalle

Gamkalle tana gaɓar hagu ta kogin Isa, a da'ira ta 4 ta birnin Yamai, kan hanyar da ta nufi Saga da Kollo. Tsohon ƙauyen Zabarmawa ne, mai sassa biyu, Golle da Sebange, wanda birni ya haɗiye bayan da Yamai ta zama babban birnin ƙasa cikin 1926. Suzanne Bernus ta bayyana yadda ƙabilu suke zaune a tsoffin unguwannin Yamai cikin littafinta na 1969. Daga baya masana'antu da barikin soja suka kewaye unguwar, ga lambuna da majema a bakin kogi, baƙi kuma suka yi ta sauka daga sassan ƙasa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan ɗaya a Yamai.

Abin da ya sa unguwar ta dace da wannan nazari shi ne yawan harsunan da yaro ke ratsawa a cikinta. Mai yiwuwa ne ya sha nono da Zabarmanci, ya yi wasan ƙasa da ciniki da Hausa, ya shiga makarantar allo da Larabci, sa'an nan ya tarar da Faransanci a makarantar boko. Wani kuma Hausa ce ta gida, Zabarmanci na waje. Ke nan kowane mataki na rayuwa yana zuwa da nasa harshe. A ƙauyen da ake magana da harshe ɗaya ba a iya raba girman yaro da girman harshensa. A wuri irin Gamkalle kuwa ana iya ganin kowanne a gefensa.

3.0 Kalmomin matakan rayuwa

Ga jerin kalmomin da Hausa ke amfani da su, tare da abin da ke buɗe kowane mataki:

(1) jariri, jaririya (ko jinjiri): daga haihuwa, ranar suna ce ke shigar da shi cikin jama'a.
(2) yayayye: wanda aka cire daga nono, bisa al'ada wajen shekara 2.
(3) yaro, yarinya: daga yaye zuwa balaga.
(4) saurayi, budurwa: daga balaga zuwa auren fari.
(5) magidanci, matar aure: mai iyali.
(6) dattijo, dattijuwa: wanda ya manyanta, ana kuma jin maganarsa.
(7) tsoho, tsohuwa: wanda ƙarfinsa ya ja baya.

Abu na farko da za a lura da shi a jerin nan shi ne babu kalma ko ɗaya da adadin shekaru ya kafa. Abin da ke fitar da mutum daga wani mataki zuwa wani aukuwa ce da jama'a suka shaida: suna, yaye, kaciya, aure, haihuwa. Yarinya ƴar shekara 15 in ta yi aure ta tashi daga budurwa, ta zama matar aure. Namiji ɗan shekara 35 da bai taɓa aure ba tuzuru ne, kuma ba a ba shi wurin magidanta a zaman shawara. Wanda aurensa ya mutu yana da nasa suna, gwauro ko bazawara, domin bai koma saurayi ko budurwa ba.

Abu na biyu, kalmar yaro dangantaka take nunawa fiye da shekaru. Yaron shago yana iya zama mai furfura, muddin yana ƙarƙashin maigida. Haka babba: wan mutum babba ne a gare shi ko da shekara ɗaya ce tsakaninsu.

Abu na uku, dattijo da tsoho ba ɗaya ba ne. Tsufa halin jiki ne, yana zuwa wa kowa. Dattaku hali ne na zuciya: haƙuri, riƙon amana, iya baki, sasanta mutane. Shi ya sa ake ce wa matashi mai natsuwa ya yi dattaku, ana kuma samun tsohon da ba a kiransa dattijo. Harshen ya raba shekaru da kamala, rabon da masana ba su ba shi muhimmanci sosai ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Zabarmanci ma haka yake tafiya: zanka shi ne yaro, arwasu saurayi, wandiyo budurwa, albeeri babban mutum. Yaron Gamkalle da ke jin harsunan biyu ba ya samun saɓani a nan. Saɓanin yana fitowa ne in an zo ga Faransanci, inda takardar haihuwa ke yanke hukunci.

4.0 Hankali a matsayin ma'auni

Ma'aunin da Bahaushe ke auna girman yaro da shi shi ne hankali. Kalmar daga Larabci aka aro ta, kuma daga tushe guda Zabarmanci ya sami lakkal, Fulatanci ya sami hakkillo. Ana cewa yaro bai yi hankali ba, ya fara hankali, ya yi hankali. A nan kalmar ba ta tsaya ga kaifin ƙwaƙwalwa ba, domin wannan yana da nasa sunaye: basira, hazaƙa, wayo, ƙoƙari. Yaro mai hankali shi ne wanda za a aika ya dawo da saƙo daidai, wanda ya san wanda zai durƙusa wa, wanda za a bar masa ƙanensa a tafi kasuwa. Yaro yana iya yin wayo bai yi hankali ba. A.H.M. Kirk-Greene, cikin nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya sa hankali cikin jerin halaye tare da kunya da ladabi da haƙuri da amana.

Wannan fahimta ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Pierre Dasen ya sami irinta a wurin Baule na Kodebuwa, Robert Serpell kuma a wurin Cewa na Zambiya: a duka wuraren biyu, kalmar da ake fassarawa da basira ta ƙunshi ɗaukar nauyi da taimakon jama'a. Abin da wannan ke nufi ga makaranta a fili yake. Malami yana yaba yaron da ke saurin ɗaga hannu da yawan tambaya. Gida kuwa yana yaba yaron da ke sunkuyar da kai gaban babba. In malami ya ɗauki shirun yaro a matsayin rashin fahimta, ya auna kunya ne ya ba ta sunan daƙiƙanci.

5.0 Daga haihuwa zuwa yaye

Jean Piaget (1896–1980), masanin Suwis, ya raba girman tunanin yaro gida huɗu. Matakin farko, daga haihuwa zuwa wajen shekara 2, shi ne lokacin da jariri ke sanin duniya ta gaɓoɓinsa: ya kama, ya tsotsa, ya jefar. A cikinsa ne yake gane cewa abin da aka ɓoye bai daina wanzuwa ba. Dasen da abokan aikinsa sun gwada wannan a kan jariran Baule, suka buga sakamakon cikin 1978: jerin matakan bai sauya ba. Ƙarshen matakin ya zo kusan daidai da lokacin yaye na al'ada, lokacin da akan kai yaro gidan kakarsa.

Wajen zama da tafiya, Marcelle Geber ta ba da rahoto daga Uganda cikin shekarun 1950 cewa jariran can suna riga na Turai. Charles Super ya nuna cikin 1976, daga aikinsa a Kenya, cewa rigayen yana bayyana ne a abubuwan da iyaye ke koyarwa da gangan. Uwa Bahausa ko Bazabarma ta san wannan aiki: tana zaunar da jariri tana tokare shi da tsumma, tana kama hannuwansa tana yi masa tata. Goyo kansa yana ƙarfafa wuya da baya.

Abin da ya fi shafar masanin harshe shi ne kunne. Janet Werker da Richard Tees sun nuna cikin 1984 cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana rarrabe sautukan da babu su a harshen gidansu, amma kafin ya cika wata 12 wannan baiwa ta ragu, kunnensa ya karkata ga sautukan da yake ji kullum. Hausa tana da baƙaƙe masu ƙugiya da Zabarmanci ba shi da su, kuma su ne ke raba ma'ana a kalmomi irin waɗannan:

(8) kafa / ƙafa
(9) baki / baƙi
(10) bari / ɓari
(11) da / ɗa

Yaron da ya ji harsunan biyu tun yana goye yana riƙe bambancin ba tare da wahala ba. Wanda ya koyi Hausa da girma sau da yawa yakan haɗe ƙ da k, ɗ da d, yakan kuma sa ya a wurin ta, domin Zabarmanci ba ya raba jinsin namiji da na mace a nahawu. Wannan ba ya hana ciniki a kasuwa, amma yana fitowa a rubutu. Littafin da aka tsara don yaron Maraɗi ko Damagaram yana ɗauka cewa mai koyo yana jin bambancin ƙ da k, sai dai a nuna masa harafinsa. A ajin Gamkalle akwai waɗanda sai an fara horar da kunnensu.

Tsoron da wasu iyaye ke yi cewa harshe biyu yana rikita yaro ba shi da tushe. Yaro mai harshe biyu yana fara gwaranci da furta kalmar farko a lokacin da sauran yara ke yi, watau wajen shekara ɗaya, ya fara haɗa kalmomi biyu kafin ko wajen shekara 2. Abin da ke tauye girman ƙwaƙwalwa a wannan mataki shi ne tamowa da yawan ciwo. Binciken abinci na shekarun 2010 ya yi ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Mai tsara karatu ya sani cewa wani ɓangare na abin da zai tarar a aji an riga an yanke shi tun kafin yaye.

6.0 Shekara bakwai

A nan ne al'ada da addini da binciken zamani suka fi haɗuwa. Bisa al'adar da, wajen shekara 7 ake yi wa yaro kaciya, ko da yake yanzu a birni da yawa ana yi tun yana jariri. A lokacin ne ɗa namiji ke fara bin ubansa gona ko wurin sana'a, ƴa mace ta fara raino da talla. Koyarwar Musulunci ta ce a umurci yaro da salla yana ɗan shekara 7. Abdou Moumouni, cikin littafinsa na 1964 kan ilmi a Afirka, da Boubou Hama cikin nasa na 1968, duka sun bayyana tarbiyyar gargajiya a matsayin abu mai hawa-hawa, inda ake ƙara wa yaro nauyi gwargwadon girmansa. Barbara Rogoff da abokan aikinta sun duba al'ummu 50 cikin 1975, suka tarar cewa tsakanin shekara 5 da 7 ne galibi ake fara danƙa wa yaro aiki.

A wurin Piaget, wajen shekara 7 ne yaro ke fita daga mataki na biyu ya shiga na uku, inda yake iya yin lissafi a zuci kan abin da yake gani ko yake taɓawa. Gwajin da ya shahara shi ne na ruwa: a zuba ruwa daidai wa daida a kofi biyu, a juye ɗaya cikin wani dogon kofi siriri, a tambayi yaro wanne ya fi yawa. Ƙaramin yaro yakan ce na dogon kofi, don ya ga ruwan ya hau. Wanda ya shiga mataki na uku yakan ce ɗaya ne, tun da ba a ƙara ba, ba a rage ba.

Amma sakamakon gwajin ya danganta da yadda aka yi shi. Patricia Greenfield ta nuna cikin 1966 a Senegal cewa yaran Wolof da ba su shiga boko ba sun fi ba da amsa daidai in su da kansu suka juye ruwan. Darasin da ke ciki shi ne kada a yanke wa yaro hukunci da gwajin da bai saba da sigarsa ba, balle da harshen da ba ya ji. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin yaran birnin Kano cikin shekarun 1970, ta bayyana yadda ƴan talla ke riƙe cinikin iyayensu mata da ke cikin kulle. Yarinyar da ke sayar da ƙosai a Gamkalle tana ba da canji da dala-dala, tana sane da cewa dala ashirin tamma ɗari ce. In ta kasa amsa tambayar lissafi da Faransanci a ajin CI, ba lissafin ne ya gagare ta ba.

Lev Vygotsky (1896–1934), masanin Rasha, ya ƙara wani abu da Piaget bai nauyaya ba: tunanin yaro yana ginuwa ne ta magana da waɗanda suka fi shi sani, kuma koyarwa mai amfani ita ce wadda ta tsaya a tazarar da ke tsakanin abin da yaro ke iyawa shi kaɗai da abin da yake iyawa in an tallafa masa. Harshe ne tsanin. In an cire harshen da yaro ya yi shekara 7 yana tunani da shi, an bar shi da aiki biyu a lokaci guda: koyon sabon harshe da koyon sirrin haruffa. Nijar ta fara gwada wata hanya tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram. A Nijeriya kuma an fara shirin shekara shida na koyarwa da Yarabanci a Ife cikin 1970. Dokar ilmi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a makaranta. Duk da haka, awon PASEC na 2014 ya sami fiye da kashi 90 cikin 100 na ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matsayin da ake bukata a karatu ba.

7.0 Samartaka da budurci

Mataki na huɗu a wurin Piaget, daga wajen shekara 11 ko 12, shi ne na iya tunani kan abin da ba ya gaban ido: in da kaza ne, da me zai biyo baya. Erik Erikson (1902–1994), wanda ya raba rayuwa gida takwas cikin littafinsa na 1950, ya ce babban aikin wannan lokaci shi ne matashi ya san ko shi wane ne. Binciken ƙwaƙwalwa na baya-bayan nan ya nuna cewa sashen goshi, mai kula da tsara gaba da kame kai, ba ya gama nuna sai bayan shekara 20. Karin maganar da ke cewa yaro man kaza ne ta hango wani abu na wannan.

A nan ne kalmomin Hausa da na Faransanci suka fi rabuwa. Littattafan Turai suna ɗaukar wannan mataki a matsayin shekaru da yawa tsakanin balaga da aure, iri ɗaya ga namiji da mace. A Nijar tsawonsa ya bambanta ƙwarai. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya sami kashi 76 cikin 100 na mata matasa sun yi aure kafin shekara 18, ko da yake a Yamai ana jinkirtawa fiye da karkara. Budurci gajere ne, samartaka kuwa sai daɗa tsawo take yi a birni saboda tsadar aure da rashin aiki. A zamanin Seyni Kountché (1974–1987) hukuma ta farfaɗo da Samariya don ta tattara matasa ƙarƙashin sarkin samari. Daga shekarun 1990 sai fada ta bayyana, watau zaman shayi na samari a bakin titi, wadda Adeline Masquelier ta yi littafi a kanta cikin 2019. Saurayin fada yana iya kaiwa shekara 30 harshe bai ba shi sunan babba ba.

Ga mai tsara karatu, wannan yana nufin rukuni biyu da ba su shiga ajin yara ba, ba su kuma shiga ajin manya ba: amarya ƴar shekara 16 da ta bar makaranta, wadda al'ada ke ɗauka babba, da saurayi ɗan shekara 25 wanda al'ada ke ɗauka yaro.

8.0 Manyanta da tsufa

An daɗe ana ɗauka cewa girman hankali yana tsayawa da balaga. Paul Baltes da wasu masana sun kafa ra'ayin cewa sauyi yana ci gaba har ƙarshen rai, kuma kowane mataki yana da riba da hasara. Raymond Cattell da John Horn, cikin shekarun 1960, sun raba basira gida biyu. Akwai ta saurin warware sabon abu, wadda ke fara raguwa tun ana ƙuruciyar manyanta. Akwai ta tarin sani da kalmomi da gogewa, wadda ke ci gaba da ƙaruwa har cikin tsufa. Hausa ta riƙe gefen biyu cikin karin magana: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Gigin tsufa kuwa ciwo ne da ke samun wasu, ba makomar kowane tsoho ba.

Tun farkon shekarun 1960 Nijar take da ma'aikatar yaƙi da jahilci, taron Bamako na 1966 kuma ya ba Hausa da Zabarmanci da sauran harsuna haruffansu. Tambayar da malaman manya ke yi kullum ita ce ko gemu yana hana ilmi. Stanislas Dehaene da abokan aikinsa sun nuna cikin 2010, daga Barazil da Fotugal, cewa waɗanda suka koyi karatu da girma ƙwaƙwalwarsu ta sauya ta fuskar da ta masu koyo tun suna yara ke sauyawa. Sai dai babba yana bukatar maimaici mai yawa kafin karatunsa ya yi sauri, kuma in bai yi sauri ba, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Daga wajen shekara 40 kuma ido yana fara gaza ganin ƙananan haruffa na kusa.

Akwai kuma abin da babba ke da shi wanda yaro ba shi da shi. Rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali: kuka na ido da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka gari na zama da gari na tuwo. Mai karatu da ma'anar jimla yake gane wanda ake nufi, kuma a nan tarin kalmomin babba yana taimakonsa. Da yawa kuma sun riga sun san ajami daga makarantar allo. Sylvia Scribner da Michael Cole sun nuna cikin 1981, a wurin Vai na Laberiya, cewa kowane irin rubutu yana kaifafa dabarun da ake aiki da su a cikinsa. Wanda ya san cewa alama tana wakiltar sauti ya riga ya haye rabin kogi.

Babban cikas ga babba shi ne kunya. Magidanci ba ya son ya yi kuskure gaban ɗan cikinsa ko surukinsa, kuma ba ya son a ba shi jimlolin yara ya maimaita.

9.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da shawarwari biyar.

(a) Wajen ƙirƙirar kalmomin fannin, a riƙe kalmomin Hausa da ma'anarsu ta asali, a ƙara adadin shekaru in ana bukatar iyaka. A ce yara ƴan shekara 7 zuwa 12, maimakon a tilasta wa kalmar yaro ko saurayi iyakar da ba ta da ita. Kada a fassara kalmar Faransanci ta basira da hankali ba tare da bayani ba.

(b) A unguwanni masu harshe biyu irin Gamkalle, a tantance harshen da kowane yaro ya fi ƙarfi a cikinsa ranar ɗaukarsa, kada a dogara da ƙabilar uba. Inda Hausa ce harshen aji, a sa darussan horar da kunne kan ɓ, ɗ, ƙ, ts da ƴ kafin a nuna haruffansu, a kuma tanadi littattafan Zabarmanci ga waɗanda shi ne harshensu.

(c) Duk gwajin da za a auna yaro da shi, a yi shi da harshen da yake ji da kayan da ya saba da su: kuɗi, mudu, tulu.

(d) A ware tsari na musamman ga matan aure matasa da samarin da suka bar makaranta, da lokaci da wuri da suka dace da matsayinsu.

(e) Littafin manya ya kasance da manyan haruffa, da maimaici mai yawa, da batutuwan da suka shafi rasit, takardar asibiti, saƙon salula da lissafin adashi. A raba aji bisa matsayi yadda kunya ba za ta rufe bakin kowa ba, a kuma gina kan ajami inda aka same shi.

Aikin da ke gaban masu bincike shi ne tattara maganar yara ƙanana a gidaje masu harshe biyu, musamman yadda suke koyon jam'in suna, inda Hausa take da sigogi masu yawa kamar gidaje, karnuka, tashoshi da malamai, da yadda suke raba ya da ta. Irin wannan taska ce za ta nuna wa marubuta littattafan ajin farko kalmomin da ya kamata su fara da su da waɗanda ya kamata su jinkirta.